Fili Da Shinge Ba Su Ne Masana'anta Ba

Akwai wata al'ada da ta kama manyan ma'aikata na ƙasashen da ke neman tasowa, tun daga Afirka har Asiya, wadda ya kamata a tsaya a dube ta da idon basira. In aka ce musu ga talakawa suna bukatar aikin yi, sai su aika a auna wani ƙaton fili a bayan gari, a kewaye shi da waya, a kafa allo a bakin ƙofa, a rubuta cewa nan ne rukunin masana'antu. Ran buɗewa a tara jama'a, a yanka ƙyalle, maroƙa su yi kirari, kowa ya watse. Bayan shekara biyar mai wucewa ba ya ganin kome a ciki sai gamba da awakin maƙwabta. A cikin wannan lokaci kuwa, can tsakiyar gari, maƙera da dukawa da maɗinka suna nan cunkushe cikin lungunansu, suna aiki ba ruwa, ba lantarki, ba hanyar da mota za ta shiga. In ma wani babba ya tuna da su, to, domin a tashe su ne, wai suna ɓata wa birni kyan gani.

Masu wannan ra'ayi sun ɗauka arzikin ƙasa daga sama ake sauko da shi, kamar yadda ake ɗora jinka a kan ɗaki. A wurinsu ƙaramin mai sana'a alama ce ta ci baya, abin da za a haƙura da shi kafin babbar masana'anta ta zo ta share shi. Wannan kuskure ne babba, ya kuwa ci dukiya mai yawa. Ba sai an yi dogon musu da fatar baki ba, gama akwai wani gari da labarinsa ya isa shaida.

Sunan garin Siyalkot, yana cikin lardin Punjab na ƙasar Pakistan, kusa da iyakar Indiya. Ba babban birni ba ne. A ƙidayar 2017 mutanensa sun ɗan haura dubu 600, watau bai kama ƙafar Kano ba. Ba shi da ma'adinin ƙarfe, ba shi da man fetur, tsakaninsa da bakin teku a Karaci kuwa ya fi mil 700 ta hanyar mota. Duk wanda ya zauna ofis da taswira a gabansa yana neman inda zai kafa masana'anta, ba zai ɗora yatsa a kan Siyalkot ba. Amma daga wannan gari ne almakashi da hantsaki da sauran kayan fiɗa suke fita zuwa asibitocin Amurka da Ingila da Jamus. Daga nan ne kuma aka yi ƙwallon da aka buga a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil, da ta 2018 a Rasha, da ta 2022 a Katar.

Yaya aka yi haka? Ba Minista ya kafa allo ba. Tun da can garin yana da maƙera masu yin wuƙaƙe da takubba. An ce wajen ƙarshen ƙarni na 19 likitocin wani asibitin mishan na garin suka fara kai musu kayan fiɗa su gyara, maƙeran kuwa suka duba, suka ga abin bai fi ƙarfinsu ba, suka shiga ƙera irinsa. Ƙwallo da sandunan wasa kuma sojan Ingila da ke barikin garin ne suka fara saye. Ɗa ya koya wurin ubansa, yaron shago ya koya wurin maigidansa, in ya ƙware ya buɗe nasa a maƙwabta. Haka abin ya yi ta yaɗuwa kamar kabewa, har ya cika gari ya malala ƙauyuka.

Wanda yake so ya san inda ran sana'a yake, sai ya dubi abin da ya faru a 1947, shekarar da aka raba Indiya da Pakistan. Da yawa daga masu manyan shagunan kayan wasa na Siyalkot Hindu ne, suka yi ƙaura zuwa Indiya, suka bar ginin da injin. Bisa lissafin masu allo da shinge, ai sana'ar ta mutu ke nan, tun da masu jari sun tafi. Ba ta mutu ba. Ma'aikatan da suka rage, waɗanda aikin yake hannunsu, suka ɗauka suka ci gaba. Waɗanda suka yi ƙaura kuma, da suka sauka garin Jalandar na Indiya hannu banza, ba a daɗe ba sai ga Jalandar ta zama garin kayan wasa ita ma. Gari ɗaya ya haifi biyu. Ashe abin da ya bi su a hanya ba gini ba ne, sani ne da sanin mutane.

To, mene ne amfanin masu sana'a ɗaya su taru wuri ɗaya? Mai karatu da ya taɓa shiga kasuwa zai ce ai kishiya ce kowa ya jawo wa kansa. Gaskiya ne akwai kishi, kishin ma yana da amfaninsa, don shi ke hana mutum barci. Amma a dubi yadda ake yin almakashin likita guda ɗaya a Siyalkot. Wani ne ke sayo ƙarfen da ba ya tsatsa. Wani ya buga shi a inji ya fitar da siffa. Daga nan a kai wa mai magagari ya gyara, a kai wa mai washi, a kai wa mai gasa ƙarfe don ya yi tauri, a kai wa mai goge shi har ya yi sheƙi, sa'an nan ya komo wurin mai kamfani ya duba, ya sa a kwali. Kowane ɗayansu aiki guda ya sani, amma ya san shi kamar yunwar cikinsa, jarinsa kuwa bai wuce inji ɗaya da ɗaki ɗaya ba. Wani masani ɗan Pakistan, Khalid Nadvi, da ya bincika garin a shekarun 1990, ya tarar da kamfanoni kimanin 300 masu fitar da kayan fiɗa, da ƙananan shaguna wajen 1,500 masu yi musu aiki gaɓa gaɓa. In aka haɗa su duka, ga babbar masana'anta nan, sai dai ba ta da maigida ɗaya, ba ta da ƙofa ɗaya da za a kulle. Mai sayen kaya daga Turai ya san in ya zo ba zai koma hannu rabbana ba, in wannan bai iya ba wancan ya iya. Mai sayar da ƙarfe da mai gyaran inji su ma sun san akwai ciniki, sai su matso kusa. Ma'aikacin da shagonsu ya karye, kafin la'asar ya sami wani. Wata dabara kuwa in ta ɓullo a shago guda, ba ta kwana bakwai ba ta zaga unguwa ba, ko mai ita ya so ko ya ƙi. Tun a 1890 wani malamin tattalin arziki na Ingila, Alfred Marshall, ya bayyana irin wannan amfani cikin littafinsa, bayan ya lura da garuruwan maƙera da masaƙa na ƙasarsu. Ba sabon ilmi ba ne. Abin mamaki shi ne yadda masu digiri suke karanta shi a makaranta, su dawo gida su aika a tashi maƙera.

Masu son babbar masana'anta suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ba daidai ba ne a ɓoye ta. Sukan ce ƙananan shaguna ba su iya tsare ingancin kaya, kowa yana yin abin da ya ga dama, kasuwar duniya kuwa ba ta karɓar haka. Wannan magana ta tabbata a kan Siyalkot a 1994. A shekarar nan hukumar Amurka mai kula da abinci da magunguna ta tare kayan fiɗa na garin, ta ce ba a bin ƙa'idar da ta shimfiɗa wajen yin su. Amurka kuwa ita ce babbar kasuwarsu. Aka shiga uku. Da kamfani ɗaya ne abin ya faɗa wa, ƙarami, da sai dai ya rufe. Amma ƙungiyar masu yin kayan fiɗa ta tara 'ya'yanta, ta aika wakilai Amurka, sa'an nan ta ɗauko masana daga can su koya wa kamfanoni yadda ake gwada ƙarfe, da yadda ake rubuta kowane mataki na aiki don in an sami aibi a san inda ya fito. Gwamnatin Pakistan ta taimaka da kuɗin wannan koyarwa. Cikin 'yan shekaru kamfanoni da yawa suka sami takardar shaida, ciniki ya komo. Abin da ɗayansu ba zai iya biya ba, taronsu ya biya. Ga kuma aikin Gwamnati a inda ya dace: ba ta ƙera almakashi ko ɗaya ba, ba ta naɗa wa maƙera manaja ba, ta dai sa hannu a daidai wurin da kayan ya fi ƙarfin mai ɗauka. Haka ma tun zamanin Turawa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma ta kafa musu wurin gwada ƙarfe da gasa shi a cikin garin, inda maƙeran suke, ba a wani daji ba.

Da mutanen garin suka ɗanɗana amfanin haɗa kai, sai suka zarce. Nisan teku yana cutarsu, kaya sukan yi kwanaki a Karaci ana jiran kwastan. A tsakiyar shekarun 1980 suka kafa tashar kaya ta tudu a Sambriyal, kusa da garinsu, inda ake gama duk takardun kwastan kafin kaya su kama hanya. Titunan gari suka lalace, masu fitar da kaya suka yarda a riƙa cire wani ɗan kaso daga cinikinsu a zuba wajen gyara. Daga baya suka yi abin da ba a taɓa ji ba a ƙasar: ɗaruruwan 'yan kasuwa suka tara kuɗi suka gina filin jirgin sama, aka buɗe shi a 2007, jiragen ƙasashen waje suna sauka. A 2020 kuma kamfanin jiragen sama da suka kafa, mai suna AirSial, ya fara tashi. Jikokin masu zugazugi ke nan. Sai mai karatu ya lura da yadda abubuwan suka jeru: sana'a ta riga, tashar kaya da filin jirgi suka biyo ta don ta bukace su. Masu allo da shinge kuwa so suke su fara daga wutsiya.

Kada a ɗauka Siyalkot aljanna ce. Wanda ya yabi unguwar sana'a ya rufe ido ga aibinta, shi ma maƙaryaci ne irin wancan. A shekarun 1990 mafi yawan ƙwallon da ake ɗinka da hannu a duniya daga can yake fitowa. Ƙwallo irin na da ƙyalle 32 ne ake harhaɗawa da allura da zare, a cikin gidaje ake yi, yara ƙanana kuwa suna cikin masu yi, maimakon su tafi makaranta. Da labari ya fasu a Turai da Amurka, masu saye suka yi barazanar janyewa. A 1997 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Atlanta tsakanin majalisar 'yan kasuwar Siyalkot da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka mai da ɗinki zuwa wuraren da masu duba za su iya shiga. Yara suka ragu ƙwarai a wannan aiki, amma matan da suke ɗinki a ɗakunansu, waɗanda ba su iya fita, da yawa suka rasa abin da suke samu. Maganin ya yi aiki, ya kuma bar tabo. Masu washin ƙarfe har wa yau suna shaƙar ƙura, majemu suna ɓata ruwa. Riba mai tsoka kuma ba a garin take tsayawa ba. Akwai wani gari a Jamus, Tuttlingen, shi ma unguwar masu kayan fiɗa ne, 'yan kasuwarsa sun daɗe suna sayen kayan Siyalkot da araha, su ƙarasa, su sayar da tsada da sunansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani labari da ya kamata duk mai shirin taimakon masu sana'a ya ji. Waɗansu masana daga jami'o'in Amurka da Pakistan suka ƙago sabon ƙarfen yanka, wanda ke fitar da ƙyallayen ƙwallo daga fatar roba ba tare da ɓarna mai yawa ba. A 2012 suka ba kamfanoni 35 kyauta. Kowa ya zaci za a yi rububi. Bayan fiye da shekara guda, waɗanda suke aiki da shi ba su kai goma ba. Da aka bi diddigi sai aka gane dalili. Masu yankan jinga ake biyansu, gwargwadon abin da suka yanka. Sabon ƙarfen yana rage musu sauri kafin hannu ya saba, ribar fatar da aka tsimi kuwa aljihun maigida take shiga. Don haka sai suka riƙa gaya wa iyayen gidansu wai ƙarfen ba shi da kyau. Da masanan suka sa wa mai yanka lada in ya nuna ya iya aiki da shi, sai ga kamfanoni suna karɓa. Wannan ba abin da za a gano daga ofis ba ne. Sai an zauna a shago, an san wa ke ci, wa ke hasara. Ma'aikacin da ke sayo injuna da kuɗin hukuma ya jibge a fili mai shinge, yana jiran masu sana'a su zo su gode, bai ko san akwai irin wannan tambaya ba.

Mutumin ƙasar Hausa ba ya bukatar a fassara masa wannan labari, gama ya gaji irinsa. Sunayen unguwannin Kano kaɗai sun isa: Dukawa, Soron Ɗinki, marinar Ƙofar Mata, ga Kurmi a tsakiya tana tattara kayan kowa. Lokacin da Bature Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa, a rina, a buga a birnin da ƙauyukansa, ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Turkuɗin garin Kura shi Buzaye ke naɗawa. Jar fatar akuyar Sakkwato, da aka jeme ta aka ƙetare Sahara da ita, ita ce Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, don ta can ta iso musu. Kai, ashe tun ba yau ba gardi yake karɓar kuɗi! Duk wannan ba da babbar masana'anta aka yi shi ba. Manomin auduga, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mabugi, da fatake, kowa da gaɓarsa, daidai da maƙeran Siyalkot.

Da aka zo zamanin neman ci gaba, ina aka zuba dukiya? Aka kafa manyan masaƙu a Kaduna, ta farko a 1957. Ba za a ce ba su yi amfani ba, sun ciyar da dubban gidaje shekara da shekaru, waɗanda suka kafa su kuwa da kyakkyawar niyya suka yi. Amma da lantarki ya gaza, yadin waje mai araha ya kwararo, sai suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ta farkon ta rufe a 2002, zuwa 2007 kuwa unguwar Kakuri ta yi tsit. In babban itace ya faɗi, duk tsuntsayen da ke kansa rana ɗaya suke rasa sheƙa. Ma'aikacin da ya shekara ashirin yana tsaron inji guda, ba shi da abin da zai buɗe shago da shi. Ga kuma Ajakuta, masana'antar ƙarfe da aka fara ginawa a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyat, wadda ta haɗiye dukiyar da ba ta ƙirguwa, aka shekara arba'in ba ta narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba. A wannan tsawon lokaci maƙeran Panteka a Kaduna, da tarkacen ƙarfe da tsohon gwangwani, suna ta ƙera tukwane da murhu da injin niƙa da kayan mota, suna koya wa yara sana'a, ba wanda ya yanka musu ƙyalle. Da an ba su ko ɗan abin da ya zube ƙasa daga kuɗin Ajakuta, da labari ya sha bamban.

Wani zai ce, to, a bar su cikin ƙazanta da cunkoso ke nan? A'a. Akwai sana'ar da dole a raba ta da gidajen mutane. Majemar da ke zuba ruwan guba a kogin da ake sha, kamar yadda aka daɗe ana kuka da shi a Challawa, ba a yi mata shiru don tana kawo kuɗi. Amma tashi iri biyu ne. Akwai wanda ake yi da shawarar masu sana'a, a tashe su gaba ɗaya, da mai sayar musu da kaya, da mai gyara musu inji, har da mai tuwonsu, a kai su inda an riga an ja ruwa da wuta, ga hanya, ga takardar mallaka a hannun kowa. Akwai kuma wanda ake yi da motar rusau da asuba, a watsa mutane gabas da yamma, a raba rumfunan sabon wuri ga waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba, su kuma su ba da haya. Na biyun shi aka fi gani. Abin da ake rusawa a ranar nan ba rumfar kwano ba ce kawai. Bashin da mai ƙarfe yake ba maƙeri don ya san ubansa, da mai saye da ya san lungun da zai bi, da yaron da ke leƙen aikin maƙwabci yana koyo, duk sun tafi, ba kuwa ɗan kwangilar da zai iya gina su.

Abin da ake nema ga hukuma ba shi da ƙawa, shi ya sa ba a son sa. Ba a kiran maroƙa don an ja wayar lantarki zuwa lungun dukawa, ko don an haƙa magudanar ruwa a marina. Ba a buga hoton kowa a jarida don an kafa ɗakin gwada fata, inda baduku zai kai kayansa a ba shi shaidar da mai saye na waje zai yarda da ita. A Kumasi ta ƙasar Gana an gwada irin wannan: a 1980 jami'ar kimiyya ta garin ta buɗe ɗakin koyar da aikin inji a tsakiyar Suame, unguwar makanikai da maƙera, maimakon ta ce su zo su same ta. Malaman suka bi masu sana'a har inda suke, daga nan aikin zubin ƙarfe da sassaƙa shi da inji ya yaɗu a unguwar.

Ma'aikacin da aka ba kuɗin raya ƙananan masana'antu, kafin ya aika a auna fili, ya kamata ya bar motarsa a bakin Ƙofar Wambai, ya shiga da ƙafa wurin masu takalma da jaka. Ya tambaye su inda suke sayen fata, da dalilin da ya sa mai kyau take wucewa Italiya su kuwa su ƙare da ta roba. Ya tambayi nawa suke kashewa a man janareta kowane mako, da wanda ke ba su bashi, da irin ɗinkin da ke sa ɗan kasuwar Yamai ko na Agadas ya mayar musu da kaya. Ya tafi da littafi da alƙalami, gama amsoshin suna da yawa, ba kuwa za su ƙare ran nan ba.